Maigidana Ya Ce Ya Saba Da Ƙara, Amma Jininsa Ya Ƙi Sauka

Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari. Maigidana yana da shekara 54, kuma shekara shida ke nan da likita ya tabbatar masa yana da hawan jini. Ba ya wasa da magani, ni ce ma nake miƙa masa kowace safiya, kuma duk tsawon wannan lokaci awonsa bai cika wuce 130 bisa 80 ba. Wata bakwai da suka wuce muka koma wani gida a bakin babban titi. Tagar ɗakinsa titin take kallo, manyan motoci ba sa ɗaukewa har asuba, ga hon, ga babura. Ga kuma maƙwabcinmu da ke ajiye janareta a jikin katangar da ta raba mu, daidai bayan ɗakin, wani lokacin ya kwana yana aiki. Tun da muka tare awonsa ya koma 148 bisa 92, wata rana ma ya fi haka. Likita ya ƙara masa ƙwaya ɗaya, ya ɗan sauka, amma bai koma yadda yake a da ba. Da na ce masa ina zargin ƙarar nan ce, dariya ya yi, ya ce shi ya saba, yana sa kai a matashi barci ke ɗauke shi, ko tirela ta shigo ɗakin ba zai ji ba, ni ce dai ba na son gidan nake neman dalili. Gaskiya ba na son gidan, amma ba shi ya sa na faɗa ba. Ina ganin yadda yake tashi da safe a gajiye, ga saurin fushi da ban san shi da shi ba. Shin ƙara tana ɗaga jini da gaske, ko tunanina ne kawai? In tana ɗagawa, yaya zan yi, tunda ba mu da halin sake tashi yanzu? Ya kuma taɓa cewa in har ƙarar ce, to ranar da muka bar gidan zai ajiye maganin.

Daga wata baiwar Allah.

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara masa lafiya.

Ba tunaninki ba ne. Ƙara tana ɗaga jini, kuma wadda ta fi ɓarna ita ce irin wadda kika kwatanta, ta dare, mai samun mutum yana kwance. Amma kada ki ɗauki wannan amsa ki nufe shi da ita kina "ai na gaya maka", domin da sauran magana a gaba, kuma akwai inda zan ɗan sage miki gwiwa.

Mu fara da cewar da ya yi ya saba. Na yarda da shi, ba ƙarya yake yi ba. Duk wanda ya taɓa zama a bakin titi ya san yadda abin yake. Makon farko kana juyi kana ƙirga motoci, bayan wata biyu sai baƙo ne zai tambaye ka yaya kake iya barci a nan, kai kuma ka ce wace ƙara? Abin da ya saba ɗin hankali ne, shi ne ya daina kawo wa mutum labarin kowace motar da ta wuce. Zuciya da jijiyoyin jini ba su cika shiga wannan sulhu ba. Ido yana da fatar da ke rufe shi idan an kwanta, kunne kuwa ba shi da marfi. A buɗe yake kwana, yana aika duk abin da ya ji zuwa ƙwaƙwalwa, ita kuma tana tantancewa: wannan iska ce, wannan ba komai, wannan fa? Shi ya sa uwa za ta yi barci ana ruwa da tsawa, amma jaririnta na yin ɗan motsi ta farka. Kunne maigadi ne da aka sa ya tashe mu idan haɗari ya tunkaro cikin duhu, kuma wannan maigadin bai san bambancin rurin zaki da na tirela ba.

Idan ƙara ta faso kwatsam, sashen ƙwaƙwalwa mai kula da tsoro yakan ba jiki umarnin ya shirya. Sai a saki sinadaran firgici cikin jini, adirenalin da kotisol, zuciya ta ƙara sauri, ƙananan jijiyoyin jini su tsuke. Kin san yadda ruwa ke fita da ƙarfi idan aka matse bakin tiyo da yatsa, to haka jini yake yi idan hanyarsa ta ƙuntata. Duk wannan yana iya faruwa ya wuce mutum bai buɗe ido ba, da safe kuma ya rantse miki ko motsi bai yi ba. An ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. A wannan fage kam, kunne ke ji, jiki ke ɗaukar dukan.

An auna abin a jikin mutane suna barci. A wani bincike da aka wallafa a 2008, an ɗauki mutum 140 mazauna kusa da manyan filayen jirgin sama huɗu a Turai, ciki har da na Landan da na Atens. Aka ɗaura wa kowannensu na'urar da ke auna jininsa duk bayan minti 15 har gari ya waye, aka kuma ajiye mai naɗar sauti a ɗakin kwanansa. Da aka haɗa bayanan biyu, sai aka ga a lokutan da jirgi ya wuce lambar sama ta awon jini tana ƙaruwa da kimanin maki 6, ta ƙasa kuma da kimanin 7. Abin da ya fi jan hankalina shi ne jiki bai damu da mene ne ya yi ƙarar ba. Motar da ta wuce a titi ta yi irin wannan tasiri, haka ma minsharin abokin kwana. Kuma sautin da ake magana a kai bai kama ƙafar na tirelar da ke gittawa ta tagarku ba, domin duk wanda ya haura desibel 35 (ma'aunin ƙarfin sauti ke nan) a cikin ɗaki an ƙirga shi, wato ɗan sama da raɗa kaɗan.

Maki 6 na 'yan mintuna ba abin tashin hankali ba ne shi kaɗai, hawa bene ma yakan ɗaga jini fiye da haka. Ɓarnar tana cikin lokacin da abin ke faruwa da kuma yawan maimaituwarsa. Dare shi ne hutun jijiyoyi. A jikin mai lafiya jini yakan sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari idan barci ya yi nauyi, kuma likitoci sun daɗe da sanin cewa waɗanda jininsu ba ya yin wannan saukar ta dare sun fi fuskantar ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. To ki ƙiyasta mutumin da ake zungurar jijiyoyinsa sau talatin ko hamsin kafin asuba, kullum, wata bakwai. Wanda jininsa yake daidai yana da sararin da zai shanye ƙarin maki huɗu ko biyar bai tsallake iyaka ba. Maigidanki kuwa magani ne ke riƙe masa da lambar a bakin iyakar, saboda haka ƙarin da wani ba zai ko lura da shi ba, shi yana iya ƙetarar da shi.

A birnin Mainz na Jamus an gwada wannan a kan waɗanda dama ba su da cikakkiyar lafiya. Mutum 60 ne, masu ciwon jijiyoyin zuciya ko waɗanda ke cikin haɗarin kamuwa da shi. Aka kunna musu naɗaɗɗiyar ƙarar jirgi a ɗakin kwanansu wani dare, wani daren aka bar su shiru. A daren ƙara lambar sama ta ƙaru da kusan maki 4, da safe kuma aka tarar jijiyoyinsu sun rage iya buɗewa yadda ya kamata. Aikin dare ɗaya ke nan.

Na shekaru fa? Mutum 140 ɗin da na ambata wani ɓangare ne na babban aikin da ya duba mutum 4,861 masu shekara 45 zuwa 70, waɗanda suka yi aƙalla shekara biyar kusa da filayen jirgi shida. An samu cewa duk ƙarin desibel 10 na ƙarar jirgi da dare yana tafe da ƙarin haɗarin hawan jini na kimanin kashi 14 cikin ɗari. Wanda ya fi kama da halinku shi ne na Birtaniya da aka fitar a 2023, inda aka bi diddigin mutum fiye da 240,000 da ba su da hawan jini tun farko, har kimanin shekara takwas. Mazauna wuraren da titi ya fi ƙara sun fi kamuwa, kuma abin ya fi tsanani ga waɗanda suka haɗa ƙarar da shaƙar hayaƙin motoci. Ku kun haɗa biyun, ga na janareta a kai.

Tunda na yi ta ambatar desibel, bari in ɗan warware shi, don zai yi miki amfani wajen gyaran ɗaki. Shi ne ma'aunin ƙarfin sauti, amma hawansa ba irin na tsani ba ne mai matakai daidai wa daida. Raɗa tana kusan 30, hira ta yau da kullum kusan 60, titi mai cunkoson manyan motoci idan kana tsaye a bakinsa yana kai 80 ko fiye. Duk ƙarin 10, kunne yana ji kamar an ninka ƙarar biyu. Ma'ana, in kika yi dabarar da ta rage 10 kacal, kin raba abin da kunnensa ke ji gida biyu kin zubar da ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar wa Turai a 2018, ta ce kada matsakaicin ƙarar titi da dare ya wuce 45 a wajen gida. Tun a 1999 kuma ta ce a cikin ɗakin kwana abin da ya dace shi ne kada ya haura 30. Akwai manhajojin waya masu auna sauti. Ba su kai na'urar ƙwararru daidai ba, amma sun isa su nuna miki bambancin ɗaki da ɗaki. Ki ajiye wayar kusa da matashinsa da ƙarfe ɗaya na dare janareta yana aiki, ki ga lambar, sannan ki je ɗakin da ya fi nesa da titi ki sake dubawa.

Yanzu ga inda na ce zan sage miki gwiwa. Daga 130 zuwa 148 maki 18 ne. Abin da bincike ke nunawa ƙara tana yi, idan an ɗauki matsakaici, 'yan maki ne, huɗu, shida, bakwai. Ita kanta Hukumar Lafiya, da ta tattara binciken da ake da su kafin ƙa'idojin 2018, ta ga hujjar alaƙar ƙarar titi da ciwon jijiyoyin zuciya ta fi ƙarfi a kan hujjar alaƙarta da hawan jini. Saboda haka ina ganin ƙarar tana da hannu a lamarin maigidanki, amma zan yi mamaki in ita kaɗai ce. Ruwa ba ya tsami banza, sai dai wani lokacin abin da ya tsamar da shi ya fi ɗaya. Tashi daga gida zuwa gida kansa wahala ce da ɗawainiya. Ki tambayi kanki me kuma ya sauya cikin watanni bakwai ɗin nan. Ya ƙara ƙiba? Yana ɗan tattaki a tsohon gida da ya daina saboda titi? Gishiri ya ƙaru? Yana yawan shan maganin ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, ko maganin mura mai buɗe hanci? Waɗannan duk suna ɗaga jini, kuma magungunan ciwon jikin suna rage wa wasu magungunan hawan jini ƙarfi. Mutane da yawa ba sa gaya wa likita suna shan su, don ba sa ɗaukarsu a bakin magani.

Akwai kuma wata magana a wasiƙarki da na tsaya a kanta. Kin ce yana alfahari da cewa yana sa kai barci ke ɗauke shi, kuma kin ce yana tashi a gajiye. Waɗannan biyun idan suka haɗu ba shaidar barci mai kyau ba ne, sun fi kama da shaidar bashin barci. Wanda ya ƙoshi da barci yakan ɗauki 'yan mintuna kafin ya tafi, mai yanke jiki nan take galibi jikinsa ne ke bin sa bashi. Yana iya zama ƙarar ce ke tsinka masa barcin bai sani ba. Yana kuma iya zama wani abu daban. Yana minshari mai ƙarfi? Kin taɓa jin numfashinsa ya ɗauke na ɗan lokaci, sannan ya ja shi da ƙarfi kamar wanda aka shaƙe? In haka ne, ki gaya wa likita da bakinki, domin shi mai yin bai san yana yi ba. Ɗaukewar numfashi cikin barci tana cikin manyan dalilan hawan jinin da ke ƙin jin magani, ta fi yawa ga maza masu irin shekarunsa, kuma ana maganinta.

To yaya za a raba gardama? Gani ya kori ji. Ku bar musu, ku yi gwaji a gida. In ba ku da na'urar awon jini ta dantse, ku nema, ta fi ta wuyan hannu aminci, kuma ku tabbatar ɗamarar ta yi daidai da kaurin hannunsa, domin wadda ta yi masa kaɗan takan ba da lamba sama da gaskiya. Ya auna mako guda yana kwana a ɗakinsa na yanzu, da safe kafin ya sha magani, da kuma dare kafin ya kwanta. Ya fara yin fitsari, ya zauna minti biyar ya jingina bayansa, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai da ƙirji, ba magana, ba waya. Ya auna sau biyu, tsakaninsu minti ɗaya, ki rubuta duka. Ki kuma rubuta a gefe ko janareta ya kwana yana aiki a daren ko bai kwana ba. Ku watsar da awon ranar farko, ku ɗauki matsakaicin sauran. A awon gida, abin da ya kai 135 bisa 85 ana ɗaukarsa ya hau, ba sai ya kai 140 bisa 90 na asibiti ba.

Daga nan ya koma kwana a ɗakin da ya fi nesa da titi da katangar, ko da falo ne, ko da ɗakin yara ne a yi musanya na wucin gadi, har mako biyu. A mako na biyun a sake awon kamar yadda aka yi a farko, ba tare da an taɓa magani ko wani abu ba. Wannan ba gwajin masana ba ne, jini yana hawa da sauka don dalilai da yawa, amma in lambar safe ta sauka a fili kuma ya fara tashi da ƙarfin jiki, kun sami amsar da ta ishe ku. In ba ta motsa ba, kin huta da zargin gida, likita kuma ya sami takardar da za ta taimaka masa ya nemi dalilin a wani wuri. Ko ta wace fuska, ku kai masa takardar. In asibitin suna da na'urar da ake ɗaura wa mutum ta yi ta auna shi awa 24, ku tambaya, ita ce kaɗai za ta nuna ko jininsa yana sauka da dare.

Sauya ɗakin nan shi ne mafi girman abin da ke hannunki, ya fi duk sauran dabaru in an haɗa su. In ba zai yiwu ba, to a janye gado daga jikin bangon da ke kallon titi da wanda ke kusa da janareta. Sauti kamar ruwa yake, duk inda iska ta samu kafa shi ma zai bi. Taga a buɗe ba ta rage abin da ya wuce desibel 10, rufaffiya mai kyau tana iya rage 25 ko fiye, amma 'yar tsaga a gefen firam ko ƙasan ƙofa tana cinye yawancin wannan riba. A bi su da roba ko soso a toshe. Na san rufe taga yana kawo zafi da rashin iska, don haka a buɗe wadda ke ɗaya gefen gidan a bar ƙofar ciki a buɗe. Labule mai kauri yana rage amsa-kuwwa a cikin ɗaki, amma kada ki sa ran zai tare rugugin babbar mota. Fanka mai tafiya a hankali tana lulluɓe ƙarar da ke zuwa kwatsam, wasu suna jin daɗin haka, sai dai ita ma ƙara ce, kada a ƙure ta. Abin toshe kunne na soso yana aiki sosai a kan hon da babura idan an sa shi daidai: a murza shi ya zama siriri, a ja kunnen sama, a tura, a riƙe har ya kumbura. A kan gurnanin janareta mai bi ta bango da ƙasa aikinsa kaɗan ne. Maganin barci kuwa kada ya fara ba da sanin likita ba, ƙwaya tana iya hana shi farkawa amma ba ta toshe kunne.

Batun janareta ya fi na titi sauƙi, domin titi ba shi da mai shi da za a je a gaishe shi, janareta yana da. Duk lokacin da aka ninka tazarar da ke tsakanin mutum da inji a fili, ƙarar tana raguwa da kimanin desibel 6. In yanzu yana mita biyu da tagar, aka mayar da shi mita takwas, an rage kusan 12, kin ga an wuce rabi ke nan. A raba shi da jikin katanga, a sa masa roba mai kauri ko tsohuwar taya a ƙasa don kada girgizarsa ta bi siminti, a juya bakin salansa ya kalli wani gefe, in salansar ta fashe a gyara. Ba wani abu mai wuya a ciki. Akwai ma dalilin da ya fi ƙara girma: hayaƙin janareta yana ɗauke da iskar guba marar wari da launi, wadda ke kashe mutane cikin barci. Shawarar masana ita ce ya yi nesa da taga da ƙofa da aƙalla mita shida, kuma kada a taɓa shigar da shi cikin ɗaki ko rufaffen lungu don a rage ƙara. In maigidanki yana tashi da ciwon kai ko jiri a daren da janareta ya kwana, kada a jira gwajin mako uku, a matsar da injin ko a bar ɗakin yau.

Wanda zai je wa maƙwabcin ya je da rana, ba da tsakar dare cikin fushi ba. Ya je da roƙo takamaimai, ba da ƙorafi ba: akwai marar lafiya a bayan katangar nan, ko za a taimaka a matsar da injin can gefe, ko a riƙa kashe shi in dare ya raba? In da hali ku ce za ku ɗauki nauyin ƙarin wayar da matsarwar za ta ci. Yawancin mutane ba su san yadda injinsu yake a ɗaya gefen bango ba, don su sun ajiye shi ne nesa da nasu ɗakin. In an bi ta lalama sau ɗaya sau biyu bai ji ba, sai a sa wanda yake jin nauyinsa, kafin a kai ga hukuma. Abin da ba na so shi ne rigimar da za ta sa duk lokacin da aka tada injin ran maigidanki ya ɓaci. Ƙarar da mutum ke jin haushinta tana ɗaga jini ta hanya biyu, ta kunne da ta zuciya.

Ba ki faɗi sana'arsa ba. In yana aiki ne a inda sai ya ɗaga murya kafin wanda ke tsaye kusa da shi, tazarar hannu ɗaya, ya ji shi, to ƙarar wurin ta kai kusan desibel 85, iyakar da masana lafiyar ma'aikata suka sa wa aikin awa takwas. Ya riƙa toshe kunne a can ma.

Maganar ajiye magani kuwa, a nan ba ni da sassauci. Sama da shekara biyar yana da hawan jini kafin ya san wannan titin, saboda haka ba ƙara ce ta kawo masa shi ba, ta dai tarar da shi ta ƙara masa nauyi. Ko gidan da ba a jin ko kukan tsuntsu kuka koma, ciwon yana nan. Mafi kyawun abin da za a sa rai shi ne lambar ta sauka har likita ya ga dacewar janye ƙwayar da ya ƙara, kuma likitan ne zai yanke wannan, da takardar awo a gabansa. Wasu magungunan ma in aka yanke su dare ɗaya jini da bugun zuciya sukan yi tsalle fiye da da. Ki kuma riƙe wannan: in awo ya kai 180 bisa 120, ya huta minti biyar a sake, in bai sauka ba a nemi likita a ranar. In kuwa akwai ciwon ƙirji, ko sarƙewar numfashi, ko karkacewar baki, ko nauyin harshe, ko mutuwar hannu ko ƙafa, ko gani ya dushe, to sai asibiti nan take, ba a tsaya sake awo ba.

Saura yadda za ki shigar masa da maganar. Ya riga ya ɗaure zancen ƙara da zancen ƙin gidan, kuma kin amsa da kanki cewa ba kya son gidan, don haka duk lokacin da kika ce "ƙara" shi "mu tashi" yake ji. Wataƙila ma yana jin kamar ana ce masa ya gaza ne wajen zaɓen muhalli, ga shi ba halin sakewa. Ki raba masa biyun a fili. Ki ce masa: Maigida, ba zancen tashi nake ba, muna nan har Allah ya hore, mako uku kawai nake roƙo, ɗaya a ɗakinka, biyu a na baya, in lambar ba ta sauya ba na bar maganar. Kuma in ba ta sauya ba, ki bar ta ɗin da gaske, a koma neman dalili wajen likita. Namiji mai gardama ya fi saurin yarda da lambar da ya gani da idonsa a kan maganar da aka maimaita masa sau goma.

Da kun zauna yin awon, ki miƙa naki hannun shi ma ya auna ki. Wata bakwai kina kwana a gidan nan, kina jin kowace mota, kina kuma jin haushinta, shi yana cewa bai ji ba. Idan makonni ukun sun cika, ki turo min lambobin, nasa da naki.